Jirgi mai inji a ciki: wata bakwai da shi a ruwan Lagdo

Wata bakwai ke nan da na sayi jirgin nan, na hannu ne, wani ya hauro da shi a bayan tirela daga Duwala zuwa nan tafkin Lagdo, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. Injinsa na gazuwal ne, wato dizal, kuma ba irin Yamahar da muka saba ratayawa a gindin kwale-kwale ba ne. Wannan a cikin jirgin yake zaune, ƙarƙashin murfi, giya na bayansa, daga nan doguwar sandar ƙarfe ta ratsa ƙasan jirgi ta fita zuwa farfela. Farfelar ba ta karkata dama ko hagu, wani faifan ƙarfe da ke bayanta shi ke juya jirgin in ka murɗa sitiyari.

Makonnin farko wallahi na ji daɗinsa. Nauyin yana tsakiya, ba ya ɗaga hanci sama, ba ya shan mai kamar injin fetur, yara su zauna a baya ba mai tsoron su kai hannu ga inji.

Sai ranar da na ɗauki surukina da ƙanena muka fita bayan la'asar, ƙarshen rani, ruwa ya ja baya sosai. Muna cikin tafiya na ji jirgi ya yi wata girgiza, inji ya shaƙe ya mutu. Ragar masunta ce ta nannaɗe farfela. Da Yamaha ce, ɗaga ta zan yi in sa wuƙa, minti biyar an gama. Wannan kuwa ba ta ɗaguwa, tana can ƙarƙashin jirgi. Ƙanena ya tuɓe riga zai faɗa, surukina ya riƙe masa hannu, ya ce, "Yaro, ba ka ji kukan dorina ba ɗazu?" Kowa ya san Lagdo da dorina. Haka muka zauna iska tana tura mu bakin gaɓa, ni kuwa kunya kamar in nutse, don ni na matsa wa dattijon ya zo ya ga jirgi.

Wani masunci ne, Allah ya saka masa, ya zo da kwale-kwalensa ya nutsa har sau huɗu kafin ya yanke ragar. Ya fito da zaren a hannu, ya narke ya manne kamar ƙaro.

Na tayar da inji, ba mu yi nisa ba allurar zafi ta haye. Ashe a gaɓar nan ya zuƙi laka da yashi, don da ruwan tafkin yake sanyaya kansa, robar famfon ruwan, mai fukafukai, ta yayyage. Mai sayarwa bai taɓa ce mini in ajiye ta biyu ba, kuma wannan har yau yana ci mini rai. Na zaga Garwa kaf ban samu ba, makanikai duk Yamaha suka iya. Sai da na jira sati uku ta zo daga Duwala, jirgi na ɗaure, rana na dukansa.

Yanzu da damina ta cika tafkin ya koma tafiya lafiya lau, har ina mantawa da fushin. Amma ba na fita sai da wuƙa, filafili biyu da robar famfo a cikin leda, kuma surukina bai sake yarda ya hau ba.