Na'urar gwajin daimon ta sa na yi wa uwargida alkawarin Umra

Abin ya faro ne daga tifar yashin Challawa da aka sauke mana a wurin gini a Ɗorayi. Leburori na tankaɗe sai ga tsakuwoyi farare tas, wata har kana hango yatsanka ta cikinta. Na goga ɗaya a kwalbar lemo, ta ja layi. Kaina ya ɗau zafi, don mun taso muna jin daimon ne kaɗai ke yanka gilashi.

Na yi odar na'urar nan mai kama da biro a wurin wani ɗan talla a Facebook. Ta iso ba batir, sai da na fita neman mai volt 9. Na baza duwatsun a farantin silba, ina dangwalawa tana ƙara. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari na kai su Kasuwar Kurmi wurin wani dattijo mai sayar da tsakiya da zobban azurfa. Ko kallon na'urar bai yi ba. Ya jujjuya ɗaya, ya ce, "Ɗana, ƙanƙara ce, irin wadda kakanninmu ke ƙyasta wuta da ita." Na ce, "Baba, ai ta yanka kwalba." Ɗansa mai karatun ilimin duwatsu ne ya ƙarasa ni: sunanta kwaz, sinadarinta ɗaya da yashin da ta zo a ciki. A ma'aunin tauri gilashi bai wuce 5 da rabi ba, ita 7 ce, daimon 10, kuma daimon mai girmanta zai fi ta nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya nuna min inda ta fashe, lanƙwashe kamar fasasshiyar kwalba.

Na so in jefa na'urar a kwata, sai yaron ya ɗora dutsen a kan benci ya gwada. Shiru. Ashe bakinta ne ke zamewa ya taɓa farantin, ƙarar da na ji gargaɗin ƙarfe ne. To, ba ta yi ƙarya ba, wannan na yarda.

Amma wa ya gaya min? Takardar cikin kwalin rubutunta kamar ƙafar kiyashi, mai tallar kuwa tun da kuɗi suka shiga bai sake buɗe saƙona ba. Ga batirin ma.

Duwatsun suna hannun yara, suna carabke da su. In an ɗauke wuta su goga biyu a duhu, su ba da ɗan haske, uwargida kuma ta tambayi ranar tafiya.