Hannun jari ko Sukuk? Amsa ga ƙaninmu mai kuɗin adashi

Salamu alaikum. Ƙanina na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce ka kwashi adashi naira dubu 500 kuma kana tsoron barinsu a banki kar tsadar kaya ta cinye su, abokin aikinka na ta zuga ka ka sayi hannun jari ta waya, wani kuma ya ce maka Sukuk ɗin gwamnati ya fi, sannan ka ce kai dai ba ka son duk abin da ya shafi kuɗin ruwa. To bari in ajiye maka su gefe da gefe yadda na fahimce su, don duk biyun na sa kuɗina a ciki.

Da farko tsoron nan naka yana kan hanya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, sai kuma a watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 kafin a shekara ta haura 1,500, mu da muke cefane a Gombe ba sai an karanta mana jarida ba, mudun shinkafa da kuɗin Keke Napep sun isa su gaya maka. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana abin da ka saya dubu 100 a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 sai ka ba da wajen dubu 135. Kuɗin da ke kwance a akawun lambarsa ba ta canja ba, amma ƙarfinsa ya zube.

Shi kuma Babban Banki maganin da yake da shi a hannu shi ne ƙara kuɗin ruwa. Gwamnansa Cardoso ya tarar da shi a kashi 18.75 cikin ɗari, a cikin 2024 kaɗai ya yi ta ɗaga shi har ya kai 27.5 a Nuwamba, wai don bashi ya yi tsada, kuɗi su ragu a hannun mutane, masu dala kuma su dawo da ita. Ka riƙe wannan don shi ne igiyar da ke jan abubuwan nan biyu da kake tambaya. In kuɗin ruwa ya hau, takardun bashin da gwamnati ke sayarwa su ma sai su ƙara abin da suke biya, manyan masu kuɗi su koma can tunda ba fargaba, kamfanonin da ke da bashin banki a wuya kuma su ji jiki. In ya fara sauka, kamar yadda aka rage shi zuwa 27 a Satumbar 2025, sai ido ya fara komawa kan hannun jari.

Sukuk abu ne mai sauƙin ganewa. Gwamnatin tarayya ta hannun ofishin kula da basussuka take tara kuɗi a gina hanya da su, ku masu kuɗin ku ne masu hanyar, ita kuma tana biyanku haya duk wata shida, in wa'adi ya cika a maido maka da uwar kuɗinka. Majalisar malaman da ke ba Babban Banki shawara kan harkar kuɗi ta Musulunci ta sa masa hannu. In ka taɓa bin tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri ta wajen Azare da Potiskum ai ka ga allunan Sukuk a gefen titi. An fara shi a 2017 da naira biliyan 100, hayar kashi 16.47, shekara 7. Wanda aka fitar a Mayun 2025 kashi 19.75 ne, shima shekara 7, kuma da dubu 10 ma ana shiga. Da a ce dubu 500 ɗinka a wannan ka sa, duk shekara kana da 98,750, wato 49,375 duk wata shida, ba ruwanka da kasuwa ta hau ko ta faɗi.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Hayar a daskare take, ba ta bin tsada. Ka ɗauki wanda ya sa dubu 100 a na 2017, lokacin buhun siminti bai kai dubu 3 ba, dala kuma wajen 360. A 2024 an maido masa da dubu 100 ɗinsa cif, ba a ci masa ko kwabo ba, ya kuma ci haya shekara 7, amma a ranar buhun siminti ya haura dubu 7, kaga uwar kuɗin ta dawo a rame. Duk shekarar da hauhawar farashi ta fi hayarka to asara kake a ɓoye ko da alat na shigowa. Sukuk yana daɗi ne in ka kama haya mai tsoka sannan tsada ta fara lafawa, kuma alƙaluman hukuma sun sauko ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen 2025, duk da dai a farkon shekarar sun sake tsarin lissafin ne ya faɗo daga 34 zuwa 24 dare ɗaya, ba wai kaya sun yi araha ba ne, saurin hawan ne ya ragu. Wani abu kuma, ba kullum ake sayar da sabo ba, sai an buɗe, in kuma ka matsu ka sayar kafin wa'adi za ka iya ta hannun dillali amma farashin ranar za a ba ka.

Hannun jari shi kuma ka zama ɗaya daga cikin masu kamfani ne, komai ƙanƙantar rabonka. Babu wanda ya yi maka alkawarin sisi. In kamfani ya ci riba a raba da kai, a cire harajin kashi 10, in farashin hannun ya tashi ka sayar ka samu ƙari. Alfanunsa lokacin tsada shi ne kamfanin da ke sayar da siminti ko suga ko taliya yana iya ƙara farashin kayansa, to jarinka na bin tsadar a baya a baya, abin da Sukuk ba zai taɓa yi ba. Kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da wajen kashi 45 a 2023, da wajen kashi 37 a 2024, wannan ne abokin naka yake nuna maka a waya. Abin da bai gaya maka ba, ka ɗora 37 ɗin nan kusa da 34.8 na tsada ka ga abin da ya rage, da ƙyar aka tsira da ɗan kaɗan. Kuma wannan lissafin kasuwa ne gaba ɗayanta, ba kowane kamfani ba. MTN da kowa ke ganin ba ta faɗuwa, faɗuwar naira ta sa ta yi asarar wajen biliyan 400 a 2024 saboda nauyin da ke kanta na dala, ba a raba ko kwabo ba, wanda ya tsorata ya sayar a lokacin ya yi asara, wanda ya daure ya ga ta farfaɗo a 2025.

Ni abin da ya sa ba na wasa da maganar nan, na gani a gidanmu. A 2007 lokacin da ake rububin hannun jarin bankuna, kawuna ya sayar da shanu biyu na turka ya saya a wani banki, har rance ya ƙara a kai don kowa na cewa kuɗi na ninkawa. Daga Maris 2008 kasuwar ta fara zubewa, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na darajarta ya tafi, a Agustan 2009 kuma Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar. Har yau takardar shaidar hannun jarin tana nan cikin wata leda a ƙasan akwatinsa tare da takardun gona, in ya fito da ita sai ya yi shiru ya mayar. Ba kasuwar ce kaɗai ta kayar da shi ba, kuɗin da yake buƙata kusa ya sa, ya haɗa da na bashi, kuma a kamfani ɗaya tak.

Kan maganar halal, a nan Sukuk ya fi sauƙi, an riga an tace maka. A hannun jari kai za ka yi tankaɗe da rairaya, don kamfanonin da suka fi cin riba a shekarun nan da yawansu bankunan kuɗin ruwa ne, ga na giya kuma, duk ka ajiye su gefe. Akwai bankin Jaiz a kasuwar, akwai su Dangote Cement da BUA da Lafarge mai kamfanin simintinmu na Ashaka, sannan akwai jerin kamfanonin da aka tantance bisa Shari'a mai suna Lotus Islamic, ka duba shi kafin ka sayi komai, in wani abu ya shige maka duhu ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Na san wani zai ce a bar duk wannan a sayi masara a ajiye. Mu ma mun yi. Amma ka leƙa Tudun Hatsi ka tambayi waɗanda suka cika sito da kakar 2024 suna jiran bazara, gwamnati ta buɗe shigo da hatsi ba haraji, kaya ya yi yawa, farashi ya karye, wasu ko uwar kuɗi ba su fitar ba, ga kuɗin sito ga maganin ƙwari. Sana'a ce mai zaman kanta, in ba ka san ta ba kar ka faɗa da kuɗin adashi.

To da ni ne kai ya zan yi? Tambayar farko yaushe kake buƙatar kuɗin. In na haya ne ko kuɗin makarantar yara ko hidimar aure nan da wata shida ko shekara, wallahi kar ka kai su kasuwar hannun jari, ko kusa. In kuwa za ka iya mantawa da su shekara uku zuwa biyar, ni sai in ware dubu 100 in bar su kusa saboda lalura, asibiti ba ya jiran kasuwa ta tashi. Dubu 250 zuwa 300 su tafi Sukuk da zarar an buɗe sabo, ka duba hayar da aka sa ka gwada ta da alƙaluman tsada na watan. Ragowar ne zan shiga hannun jari da su, shima ba rana ɗaya ba, kaɗan kaɗan duk wata, a kamfani uku ko huɗu masu sana'a daban daban waɗanda kana ganin kayansu a shagon unguwarku, in kasuwa ta faɗi kar ka ruɗe ka sayar da asuba.

Kuma don Allah ƙanina ka tabbatar dillalin ko manhajar da za ka bi tana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, a buɗe maka asusun CSCS, wato inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka da lambarka, ka cike fom ɗin da zai sa rabon riba ya riƙa faɗawa akawun ɗinka kai tsaye. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba hannun jari yake sayarwa ba, 'yan damfara ne irin su MMM na 2016 da CBEX da ya rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Ka turo min sunan manhajar da abokin naka yake amfani da ita, in sha Allahu bayan Isha'i sai mu duba ta tare.