GitHub Copilot: abin da masu gwajin farko suka gano

A ranar 29 ga Yunin 2021 kamfanin GitHub ya buɗe Copilot, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai kawo wa masu rubuta shirin kwamfuta shawarar kod, ga masu gwaji, kuma a lokacin sai mutum ya sa sunansa ya jira layi kafin a ba shi. Amfani da shi a lokacin a VS Code, manhajar rubuta kod, ba wuya: ka rubuta sunan aikin da kake so kod ya yi ko ɗan bayani a layin sharhi, sai kod ya bayyana da launin toka. Ka danna Tab ka karɓa, Esc ka ƙi, Ctrl da Enter kuma su buɗe maka zaɓi har 10 a gefe.

A aikin maimaici ya cancanci yabo, musamman a yarukan rubuta kod na Python da JavaScript. Karanta fayil ɗin CSV, tsara JSON (duk hanyoyin adana bayanai ne), rubuta kod ɗin gwaji na biyu bayan ka rubuta na farko da hannunka, duk yana yi cikin ƙiftawar ido.

Matsalarsa ita ce kod ɗin da yake kawowa kullum yana kama da daidai, ko da kuwa akwai kuskure a ciki. Ka nemi ya binciko suna a rumbun bayanai, yana iya liƙa abin da mai amfani ya shigar kai tsaye cikin umarnin SQL (yaren tambayar rumbun bayanai), ƙofar da masu kutse suka fi so ke nan. Dalili kuwa daga kod ɗin jama'a ya koya, mai kyau da maras kyau, sabo da tsoho. A 2021 masu bincike na Jami'ar New York suka sa ya samar da shirye-shirye 1,689 a yanayi 89, kusan kashi 40 cikin 100 suka fito da raunin tsaro. Wani lokaci ma yakan kira aikin da babu shi sam a laburaren (tarin shiryayyen kod) da kake amfani da shi.

Shi ya sa ƙirga sau nawa aka danna Tab ba ya isa a matsayin ra'ayin masu gwaji. Mutum yakan karɓa, bayan minti biyar ya goge rabi. Duk wanda ke tattara ra'ayi kan irin wannan manhaja ya tambayi yaren da aka yi aiki da shi, sigar laburaren, abin da aka kawo, abin da aka gyara, da ko kod ɗin ya tsallake gwaji.

A Yunin 2022 aka sa masa farashin dala 10 a wata. Ga ƙwararre mai karanta kowane layi, kuɗin bai yi yawa ba. Ɗan koyo kuwa ya rufe shi duk inda aikin ya shafi kalmar sirri ko kuɗin mutane.