Masu zuwa Zanzibar, hattara da mai dutsen ranar tafiya

Jama'a, duk mai shirin zuwa hutu Zanzibar ya karanta wannan kafin ya haɗa kaya.

Kwana shida muka yi ni da maigida a Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Tun ranar da muka sauka wani saurayi yake mana sallama a bakin teku, carbi a hannu, ga ladabi. Bai taɓa tallata mana ko tsinke ba. Abu ɗaya ya tambaya: yaushe za mu koma gida? Ni da bakina na gaya masa. Mutanen garin suna kiran irinsu papasi, wato kaska. Ashe ba banza ba.

Ranar tafiya an fito da akwatuna, direba na jira, ga tafiyar kusan kilomita 60 zuwa filin jirgi, sai ga shi kamar an jefo shi. Ya warware wani farin ƙyalle, ga duwatsu uku shuɗaye suna ɗaukar ido. Wai tanzanait ne, wani dutsen ado mai tsada, yayansa yana haƙa a Mererani da ke arewacin Tanzaniya, kuɗin asibitin mahaifiyarsu suke nema. Har da takarda mai hatimi.

Abin da ya ci ni, rabin zancensa gaskiya ne. Duk duniya a Mererani kaɗai ake samun dutsen nan, kusa da Kilimanjaro, kuma a 1967 aka gano shi. Abin da bai faɗa ba shi ne tun 2018 gwamnatin Tanzaniya ta zagaye wurin da katanga mai tsawon kilomita 24 saboda masu fasa-ƙwauri. Dutse irin wannan ne zai zo ya same ki a cikin tsumma?

Ya sa wa guda ɗaya dala 400, muka daidaita a 220. Maigida ya ce, "Hajiya, ki rabu da shi." Ban ji ba, ina ganin na yi tsuntuwa. Direba kuwa sai danna hon yake.

Bayan mako biyu na kai wa wani mai harkar duwatsu a Jos. Ya sa madubinsa a ido, ya juya shi sau biyu, ya miƙo min: "Hajiya, kwalba ce." Ya nuna min ƙananan kumfa a ciki. Ya ce na gaske idan kin juya shi yakan sauya daga shuɗi zuwa shunayya, nawa kuwa ko gezau. Lambar saurayin tuni ta daina shiga.

Don haka kada ku gaya wa kowa a bakin ruwa ranar tafiyarku, ita suke jira, sun san ba mai fasa jirgi ya dawo neman su. Mai son dutsen ya shiga shago a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, tun yana da sauran kwanaki, ya karɓi rasit. Tsarabar da ba ta ba ni kunya ba kanumfari ce da kirfar da na saya a kasuwar Darajani.

Dutsen yana nan cikin kwabet, tare da takardarsa mai hatimi.