Yawon jirgin ruwa mai filafilai: wanne za a hau, kuma wace tsaraba ta cancanci ɗauko wa zuwa Maradi

Mutumin Maradi ba baƙon tafiya ba ne. Dubai, Istanbul, Alƙahira, Makka, duk 'yan kasuwarmu sun tattake su. Abin da bai saba da shi ba shi ne hutu cikin jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ke turawa, a kwana a wannan gaɓa a wayi gari a waccan. Masu tallar irin wannan tafiya hoton ɗakin kwana suke fara nuna maka. Kai kuwa ka fara tambayarsu jadawalin tashoshi: ina jirgin zai tsaya, ƙarfe nawa za a sauka, ƙarfe nawa za a koma. Jirgin da ke ba ka awa biyu a gari, rabinsu a cikin mota, ba zai bar ka ka ga komai ba, balle ka yi ciniki a tsanake.

Ga mai fasfon Nijar, zaɓi uku ne a zahiri, kuma ba daidai suke ba.

Na farko dahabiyya ce, ta Kogin Nilu a Masar. Jirgin katako ne mai faɗin ciki, da filafili ɗaya a gaba ɗaya a baya, ɗakunansa ba su cika wuce goma ba. Galibi tana tashi daga Esna, kimanin kilomita 55 kudu da Luksor, ta nufi Aswan cikin kwana huɗu ko biyar. Dalilin bin wannan hanya shi ne ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma daga arewa take busowa, don haka mai zuwa kudu ne ke samun iska a bayansa. In ka sayi tafiyar da ta taso daga Aswan zuwa Esna, ka sa a ranka cewa ƙaramin jirgi mai inji ne zai ja ku mafi yawan hanya. Ko a tafiyar kudun ma, ranar da iska ta kwanta shi ke ja. Lokacinta daga Oktoba zuwa Afrilu. Zafin Aswan a watan Yuni ko mu da muka saba da bazara sai mun ji a jikinmu.

Amfanin dahabiyya shi ne tana tsayawa inda manyan jiragen otal ba su cika tsayawa ba, kamar El Kab da Jabal Silsila, inda mutanen zamanin da suka riƙa fasa duwatsun gina wuraren bautarsu, har yau ana ganin sawun kurfi a jikin dutse. Tana tsayawa Edfu, mai ginin bautar da aka fara a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gama a ta 57, wanda ke tsaye kusan cikakke. Daga gaɓa zuwa ginin keken doki ake hawa. A daidaita kuɗin zuwa da dawowa kafin a hau, kuma a biya bayan an dawo, in ba haka ba sai ka fito ka tarar mai keken ya ɗauki wasu. Sai Kom Ombo, mai gidan ajiyar busassun kadoji, da Daraw, inda ake cin kasuwar raƙuman da ake korowa daga Sudan. Wanda ya san kasuwar dabbobi a gida zai ji daɗin Daraw fiye da kowane bature, amma ba kullum take ci ba. Ka sa a rubuta maka ko ranar tsayawarku ta dace da ranar kasuwa.

Na biyu gulet ce, ta gaɓar kudu maso yammacin Turkiyya, tsakanin Bodrum, Marmaris da Fetiye. Ita ma ta katako ce, ana yin mako guda a cikinta, yawanci Asabar zuwa Asabar, daga Mayu zuwa Oktoba. Abubuwa uku a sani kafin a biya. Da yawa daga cikinsu da inji suke tafiya, filafilan ado ne, sai ka tambaya ƙarara ko ana ɗaga su. Sannan rabin tafiyar wanka ne a teku cikin lungunan da babu gari, ba yawon kasuwa ba; in ɗaki ɗaya ka kama, za ka zauna da baƙin da ke shan giya cikin kayan wanka daga safe har dare. Iyalin da wannan zai dame su gara su haɗu gida biyu ko uku su ɗauki jirgin gaba ɗaya, su ne za su faɗa wa matuƙi inda za a tsaya da abin da za a dafa. Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi jawo asara: wasu hanyoyin suna ratsawa tsibiran Girka kamar Kos da Rodos. Bizar Turkiyya ba ta shiga can, sai ta Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai. In ba ka da ita, ka zaɓi hanyar da ba ta fita daga ruwan Turkiyya, irin ta Marmaris zuwa Fetiye, wadda ke ba da damar shiga kogin Dalyan a ga kaburburan Kaunos da aka sassaƙa a jikin tsauni.

Na uku su ne manyan jiragen filafilai na kamfanonin Turai, irin Royal Clipper mai turaku biyar, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 200. Sun fi kowa tsada, hanyoyinsu a Bahar Rum kusan duk suna buƙatar Shengen, abinci kuma sai ka nemi na halal a rubuce tun kafin tafiya. Mu ba ma ba wanda zai fara shawarar ya fara da su. Zanzibar kuwa, jiragenta na gargajiya yawon yini ne ko na yamma, a otal za ka kwana. Tsarabarta dai tana da kyau, za mu taɓo ta.

In an sauka a tasha, ko dai ka bi rangadin da jirgi ya shirya, ko ka fita da kanka. A dahabiyya jagora yana cikin kuɗin, kuma a wuraren tarihi kana buƙatarsa, don in ba shi, to duwatsu kawai za ka kalla. Inda za ka yi hattara shi ne lokacin da ya ce bari a biya ta “masana'anta” a ga yadda ake yin takarda ko turare. Shago ne, kuma akwai kamashonsa a cikin farashin da za a gaya maka. Ka shiga, ka sha shayinsu, ka koyi yadda ake gane na gaske, ka riƙe kuɗinka sai kasuwar gari. A manyan jirage dokar ta fi tsauri: in rangadin jirgi ne ya makara za a jira shi, in kai kaɗai ne ka makara za a tafi a bar ka, kai za ka biya kuɗin iske jirgin a tasha ta gaba. Ka dawo awa guda kafin lokacin da aka rubuta a bakin matakala, ka ɗauki hoton allon da lambar wakilin jirgi a wayarka.

Yanzu tsaraba. Ƙa'idarmu ɗaya ce: kada ka biya kuɗin kilo a jirgin sama don ka kawo wa Maradi abin da take da shi. Kasuwar Aswan cike take da karkade, an tsiba shi ja wur a kwanduna, ana yi wa Turawa talla. Zoɓo ne. Haka lalle, haka dabino, haka ɗan goruba. A Bodrum da Marmaris za a ja ka shagon fata. Mutumin da jar akuyar garinsa ta yi suna a duniya saboda fatarta, sai dai ya sayi ɗinkin, in ɗinkin ya burge shi. Carbin roba, zoben makulli da faranti mai hoton gari kuwa, yawanci daga inda kayan babbar kasuwarmu ke fitowa suka fito.

Abin da ya cancanta a Masar, auduga ce tukuna: jallabiya, zanen gado, mayafi. Ka murza yadin a tafin hannu. Auduga tana yamutsewa ta riƙe, mai haɗin roba tana miƙewa nan take kuma tana santsi. Takardar papirus ta gaske, wadda ake yi da wata ciyawar bakin kogi, in ka ɗaga ta a rana za ka ga layuka sun gitta juna, na tsaye da na kwance, kuma tana naɗuwa ba ta tsage ba. Ta jabu da ganyen ayaba ake yi, tana karyewa a naɗi na farko. Mafi yawan zanen gumakan Fir'auna ne, wanda ba kowane gida zai rataya ba, amma akwai masu Ayatul Kursiyyu da sunayen Allah, ka tambaya. Tukwanen farin dutse na yammacin Luksor, na hannu ba su da nauyi, jikinsu da kaushi, in ka sa fitilar waya a ciki haske yana ratsowa. Na inji sun fi nauyi da sheƙi. Matsalarsu hanya: ko sun tsira a jirgin sama, akwai sama da kilomita 600 na mota daga Yamai. Ƙarami ɗaya, a naɗe cikin tufafi, a jakar hannu.

Turare, wanda Hajiya za ta fara tambaya, shi aka fi yi wa algus. Ana tsinka shi da man da ba ya ƙamshi. A ɗiga a farar takarda, a je a yi sauran sayayya, a dawo bayan rabin awa: in ƙamshin ya tafi maiƙo ya zauna, an tsinka. A sa mai shago ya zuba daga kwalbar da aka gwada, a gabanka. Kwalban gilashi masu siririn wuya na ado ne, suna yoyo. A zuba turaren a kwalba mai murfin murɗawa, a ɗauko na adon babu komai a ciki. Duk ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Zinariya kuma a duba hatimi: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, azurfa 925. Sarƙoƙin da ake rubuta suna da rubutun Fir'auna yawanci 18 ne, ba su da daraja wajen sake sayarwa kamar 21 da matanmu suka saba da shi. A auna a gabanka, a rubuta giram da kuɗin aiki daban a rasit.

A Turkiyya darduma ce babbar sayayya, kuma a nan mutane ke ƙonewa. Yankin Milas, kusa da Bodrum, ya shahara da dardumar salla ta ulu. Juya ta baya: ta hannu ƙulle-ƙullenta ba su daidaita tsaf ba, kuma gezar bakinta zaren jikinta ne, ba ɗinka ta aka yi ba. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan ja. In ya kama launi, rinin zai zuba a wankin farko. In an ce siliki ce, a zare zare ɗaya a ƙona: siliki warin gashi yake yi, audugar da aka goge ta yi sheƙi kuwa warin takarda. Za a ce za a aiko maka har gida. Kada ka yarda. Sayi wadda za ka iya naɗewa ka ɗauka, girman salla ya isa. Masu sauƙin kuɗi da ba a nadama su ne tawul ɗin peshtemal mara nauyi, sabulun man zaitun, da zumar Marmaris ta itacen fayin. Kasuwar Talata ta Fetiye ta fi shagunan bakin tasha araha nesa ba kusa ba. Abin da ake tallatawa a buhu da sunan za'afaran ɗin Turkiyya, furen wani tsiro ne daban mai ba da launi kawai; na gaske da giram ake sayar da shi. Shuɗin dutsen nan mai ido da ke rataye ko'ina laya ce ta kambun baka a wurinsu, ka san abin da kake saya kafin ka raba wa yara.

Wanda ya bi ta Zanzibar ya ɗauko kanumfari a kasuwar Darajani. Mai kyau in ka danna shi da farce mai yake fitarwa. Zanen kanga bibbiyu ake sayarwa, bai kai turmin atamfa ba, kuma kowane yana da magana da Swahili a ƙasansa, wasu habaici ne. A sa a fassara kafin a kai wa suruka ko abokiyar zama.

Akwai abin da ba a saya ko kyauta ne. Masar da Turkiyya duk suna da dokokin 1983 da suka hana fitar da kayan tarihi, kuma tsohon kwabo ko gutsuren dutsen da aka tsinta a kango ya isa a tsare mutum a filin jirgi. In mai talla ya ce tsoho ne, ko ƙarya yake yi ko laifi yake sayar maka. Hauren giwa, ƙoƙon kunkurun teku da murjanin da aka ciro daga ruwa su ma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe.

Sefa ba ta canzuwa a waɗannan ƙasashe. Ka canza zuwa yuro tun a gida, farashinsa a tsaye yake, sefa 655,957 a yuro 1,000, ban da ribar mai canji, wato yuro 10 jika shida da rabi ne da ɗoriya. Da wannan lissafin za ka auna kowane farashi. A can ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, ka tanadi ƙananan takardu don bakshish, wato ɗan hasafin da ake ba masu hidima, a Masar. Wuraren tarihi da yawa a Masar yanzu da katin banki kawai ake sayen tikitinsu, ka tabbatar naka yana aiki a waje. In na'ura ta tambaye ka kuɗin da za a cire, zaɓi na ƙasar. A ciniki kuma, in an ce “biyar”, tambayi biyar ɗin me, fam na Masar ko yuro, tun kafin kaya su shiga leda.

Akwati mai tauri ba ya samun wurin zama a ɗakin gulet. Jaka mai laushi ta fi, da wata babu komai a ninke cikinta don dawowa. Yawancin tikiti kilo 23 ne kowace jaka, sai ka bar manyan sayayya zuwa tashar ƙarshe, Aswan ko Fetiye, bayan ka ga farashi a tashoshin baya. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, don ana iya tambayarsa a Masar da Tanzaniya. Rasit na zinariya da darduma su zauna a aljihu, ba cikin akwati ba, saboda 'yan duwan a Yamai: abu ɗaya ko biyu tsaraba ne, jallabiya talatin iri ɗaya kuwa haja za su ɗauke ta, su nemi a biya mata kuɗin fito.