Ofishin lauyan da ya tsaya wa ƙanina

Wallahi da ba don tsautsayin da ya faɗa wa ƙanina ba da har yau ban san bambancin zargi da tuhuma ba. Waya ya saya ta hannu ashe ta sata ce, kawai sai ga 'yan sanda har shago. Maƙocina ne ya haɗa ni da wannan barista, ofishinsa ɗan ƙarami ne a saman bene kusa da kotun majistare nan Kano, fanka ɗaya, fayil ko'ina har kan kujerar baƙi.

Abin da ya burge ni shi ne mutumin nan da Hausa yake maka bayani dalla-dalla ba irin masu zuba maka turanci ka fito kanka na juyawa ba. Ya ce a caji ofis wanda ake zargi ne shi, sai an karanta masa takardar ƙara a gaban alƙali zai koma wanda ake tuhuma. Ya buɗe Final Kod, wato kundin dokar hukunta laifuka, ya nuna min sashe na 317, karɓar kayan sata, ya ce sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar yaron ya sani ko yana da dalilin sanin ta sata ce, to kun ga rasit ɗin da nake raina wa wayo shi ya cece mu. Shi ya fara gaya min tsarin mulkin 1999 sashe na 35 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, kuma beli a wajen 'yan sanda kyauta ne a doka, na ce barista a doka dai ko? Ya yi dariya.

Ranar ƙarshe muna ta murna an sallami ƙanina sai barista ya ja ni gefe ya ce Malam sallama daban wankewa daban, wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, shi ya sa ya dage sai da aka rubuta an wanke shi.

Inda ya gaza kam ɗaga waya, ka kira sau biyar sai dare zai bugo, kuma duk zaman da aka ɗage sai ka ba da kuɗin mota, sau huɗu aka ɗage mana. Duk da haka na ba mutum biyu lambarsa, na dai ce musu su riƙa tura saƙo ta WhatsApp ya fi saurin gani.