Na'urar jin bugun zuciyar ɗan ciki ko lura da motsinsa?

Wata ƙanwarmu ta tambaya jiya: cikin fari gare ta, wata biyar, maigidanta yana son saya mata 'yar na'urar nan dofla da ake talla a Instagram, ta riƙa jin bugun zuciyar yaron a ɗaki. Wai wanne ya fi, na'urar ko lura da motsi da ake ta nanata mana a wurin awo?

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Na'urar dai irin wadda nas ke ɗora miki ce a asibiti, tana kama bugu tun wajen mako 12, alhali ƙahon nan na ungozoma sai ciki ya kai wajen mako 20, kuma ba mai iya kara wa kanta shi. Matsalar tana ga kunnen mai saurare. Cikin mai juna biyu ba abu ɗaya ke bugawa ba: ga jijiyoyinki, ga mabiyiya tana huci kamar iska, sannan ga zuciyar yaro. Tasa tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, kamar sukuwar dawaki a filin Kangiwa na Katsina ranar hawan sallah. Taki kuwa 60 zuwa 100, amma ciki yana ƙara mata sauri, fargaba ta ƙara. Shi ya sa za ki ga nas ta riƙe tsintsiyar hannunki tana saurare, tana rabe naki da nasa ne.

In kika nema kika rasa saboda yaro ya juya, kin kwana kuka a banza. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ki ji motsi ya ragu, ki ɗauko na'ura, ki ji dum-dum, ki ce alhamdulillahi ki koma barci. Yaron da ke cikin wahala yakan fara rage motsi ne, zuciyar kuwa tana iya ci gaba da bugawa har lokaci ya ƙure. Tun 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki kan amfani da ita a gida. Manhajojin waya masu cewa suna jin bugun kuwa, kada ma ki ɓata datarki.

Motsi ba ya cin ko sisi, kuma ba wanda ya kai ki saninsa. Ana fara jinsa tsakanin mako 16 da 24, masu cikin fari sukan ɗan makara. Zuwa mako 28 kin gane lokutansa, wani bayan cin abinci, wani sai kin kwanta. In kin yi shakka, kwanta ta gefen hagu ki ƙirga, a ƙalla goma cikin awa biyu. Kuma maganar iyayenmu cewa yaro yana lafawa in haihuwa ta matso, a yi musu ladabi amma kada a bi. Salon motsin yana canzawa don wuri ya matse, amma ba ya raguwa.

Ranar da ya ragu ko ya canza miki, ɗauki katin awonki ki tafi a ranar, ko da tsakar dare ne, asibitin haihuwa na Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina ko wanda ya fi kusa da ke. Kuɗin na'urar kuwa, ki ce wa maigida ya ajiye na sikanin da na mota.